Ku Tambaya Mu Amsa: Sai batir ya mutu murus kafin a mai da shi caji?

Tun da bazara ta kunno kai, yawancin wasiƙun da ke shigowa wannan fili kan batir suke: na rediyo, na tocila, na fanka, na waya. Baturan caji da ke gidajenmu a nan Maradi iri uku ne manya, wato na nikel, na dalma da na litiyom, kuma kowa da kiwon da ya karɓe shi. Abin da ke gyara ɗaya shi ne ke kashe ɗayan, don haka kafin a bi kowace shawara a fara juya batirin a karanta abin da aka rubuta a jikinsa.

Assalamu alaikum. Ina da rediyo mai cin ƙananan pil huɗu, na sayi masu caji don na gaji da saye kullum. Tun da daɗewa muke jin cewa a bar batir ya ƙare ƙaf kafin a sa shi a caji, in ba haka ba sai ya saba da rabin ciki. Ɗana ya ce wannan maganar da ce. Wa ke da gaskiya?
Wani dattijo daga unguwar Bagalam

Wa alaikumus salam Baba, Allah ya ƙara girma. Maganar da kuka ji tana da asali, amma ɗanku ya fi kusa da gaskiyar yau. Shawarar ta fito ne daga tsohon batir mai rubutun Ni-Cd, wato nikel da kadmiyom, wanda Waldemar Jungner ya ƙirƙiro a Suwidin a 1899. Shi wannan idan ana yawan mai da shi caji bai yi nisa ba, ko ana barin sa a kan caja kwana da kwanaki, ƙwayoyin kadmiyom ɗin da ke cikinsa sukan dunƙule su yi girma, sai ƙarfinsa ya riƙa faɗuwa da wuri kamar ya ƙare alhali da saura. Maganinsa shi ne a zuƙe shi sau ɗaya a wata. Yanzu kusan duk ƙananan baturan caji na AA da AAA da ke kasuwa Ni-MH aka rubuta musu, wato na nikel ne da babu kadmiyom a ciki. Su wannan ciwon kaɗan yake taɓa su. Kuna iya mai da su caji duk lokacin da kuka ga dama, sai dai sau ɗaya a wata uku a yi musu zuƙa guda a sake cika su.

To amma a fahimci mece ce zuƙa. Ko Ni-Cd ɗin ma ba a kai shi sifiri. Batirin nikel idan ya cika yana nuna kusan bolt 1.4 a mitar gwada batir, yana yin yawancin aikinsa a 1.2, kuma da zarar ya sauka zuwa 1.0 an gama, a tsaya nan. Abin da ya rage a ƙasa da haka bai taka kara ya karya ba, ɓarna kawai ke biyo baya.

Babban haɗarin yana cikin rediyon naku, don huɗun a jere suke, wuta ɗaya ke ratsa su duka. Ba a samun batura huɗu masu ciki daidai wa daida, dole ɗaya ya riga sauran ƙarewa. Kamar shanun huɗa ne: in ɗaya ya durƙusa, ɗan'uwansa ba ya tsayawa, jan sa yake yi a ƙasa. Sauran ukun za su ci gaba da tura wuta ta cikin wanda ya ƙare, su cika shi a juye, kansa ya koma gindi. Daga nan iska ta taru a ciki, ƙaramar ƙofar da ke ƙarƙashin kansa ta buɗe, ruwan sinadarin ya tsiyaye, kuma abin da ya fita ba ya dawowa. Shi ya sa mutum zai ga batir ɗaya cikin huɗu kullum shi ke fara mutuwa, ya yi farin gari a wuya. Saboda haka da kun ji murya ta fara shaƙewa ko tasha tana zamewa, ku kashe rediyon ku cire su. Kada a kwana da shi a kunne wai don ya ƙarasa.

Ga yadda ake zuƙar da ta dace, kuma ɗanku zai iya yi. Ɗaya bayan ɗaya ake yi, ba a haɗe ba. A nemi rezista, ɗan abin nan da ke rage gudun wuta, mai om 3.3, wat 2, wajen masu gyaran rediyo, da gidan batir mai ɗaukar guda ɗaya, da mita. A cika batirin, a haɗa rezistar tsakanin kai (+) da gindi (-), a duba agogo. Za ta riƙa jan kusan mA 360 (mA awon yawan wutar da ke gudana ne), ta ɗan yi ɗumi, ba komai. Ana gwadawa duk bayan rabin awa, in ya kusa 1.1 a koma duk minti biyar, don daga nan gangara ce, faɗuwar tana da sauri. Yana taɓa 1.0 a cire. Wannan aikin yana da riba ta biyu: yana tona ainihin cikin batirin. A ninka 360 da yawan awannin da ya yi. Mai rubutun mAh 2000, wato awon cikinsa ke nan, in yana da lafiya zai kai awa biyar zuwa biyar da rabi. In a awa uku ya sare, cikinsa bai wuce 1100 ba. A maimaita cikawa da zuƙewa sau biyu ko uku, wanda ya daɗe a ajiye yakan farfaɗo. Wanda bai motsa ba a ware shi, a ba shi aikin da batir ɗaya ke yi shi kaɗai, kamar agogon bango. Waɗanda cikinsu ya zo kusa da juna a sa musu alama iri ɗaya da fenti, su zama ƴan gida ɗaya: tare a caji, tare a rediyo.

Malam, bara da zafi na sayi fanka mai caji, tana kai mu har asuba. Da sanyi ya shigo na ajiye ta a ɗaki. Yanzu na ɗauko, ko ta wuni a wuta ba ta wuce minti goma. Haka ma fitilar yara. Jabu aka sayar mini?
Wata uwargida daga Tasawa

Ranki ya daɗe Hajiya, fankar da ta kai ku asuba bara ba jabu ba ce. Ajiyar ce ta cinye ta. In kika sa aka kwance murfin gindinta, galibi za a tarar da baƙin batir mai kusurwa huɗu da rubutun 6V 4.5Ah ko 12V 7Ah. Wannan ɗan'uwan batirin mota ne, farantan dalma ne a ciki da asid, sai dai an like shi. A cikin dukkan baturan gida babu wanda ya tsani zama da yunwa kamarsa.

Duk lokacin da yake ba da wuta, wani farin gishiri yana kwanciya a kan farantan. In an mai da shi caji a ranar, gishirin yana narkewa ya koma cikin ruwan. In aka bar shi makonni, sai ya daskare ya yi tauri, caja ba ta iya narkar da shi, kuma duk inda ya rufe ya daina aiki. Ga shi ko ba a taɓa batirin ba yana zubar da cajinsa a hankali, zafi kuma yana ƙara masa sauri. Fankar da aka ajiye a watan Nuwamba da rabin caji, kafin Maris ta daɗe da bushewa.

Mai gyara ya gwada shi bayan ya huta awa uku ko huɗu da sauka daga caji. Mai bolt 6 in yana da lafiya zai nuna 6.3 ko sama kaɗan, 6.1 rabi ke nan, 5.9 ya ƙare. Mai bolt 12 kuwa 12.7 a cike, 12.2 rabi, 11.8 ya ƙare. In mai 6 ya tsaya wajen 4.2, ɗaki ɗaya cikin ukun da ke cikinsa ya mutu, babu gyara. In lalacewar mai 6 ɗin ba ta kai haka ba ana iya jarraba caji mai sanyi: bolt 7.2 zuwa 7.4, wutar kada ta wuce rabin amfiya, na tsawon kwana guda. Wani lokaci yakan dawo da wani abu, ba duka ba. Kada ki yarda a ɗura masa sabon asid, farantan zai ƙara ci. Mafi sauƙi a sayi sabon batir mai lambobi iri ɗaya a sa, fankar kanta lafiyarta ƙalau. Wajen saye a sa mai shago ya gwada a gabanki, don batirin da ya shekara a kan kanta cikin zafin kasuwa ya riga ya kamu da ciwon nan tun kafin ya shiga gidanki.

Da sabon, a kiyaye abu biyu. Na farko, kada a jira fanka ta tsaya da kanta. Takardun masu ƙera irin wannan batir suna nuna cewa wanda ake zuƙewa ƙaf yana yin caji wajen 200 ne, wanda ake tsayawa a rabi yana ninka haka ko fiye. A rage gudunta zuwa na ɗaya in dare ya raba, kuma wuta na dawowa a jona ta. Na biyu, in hunturu ya zo a cika ta kafin a ajiye, sannan a riƙa jona ta na wuni guda duk wata.

Fitilar yaran tana da nata ciwon daban. Ƙananan fitilun nan masu araha da ake cusawa kai tsaye a soket, batirin dalma ne mai bolt 4 a cikinsu, kuma cajarsu ba ta san cika ba, turawa kawai take yi muddin akwai wuta. In an bar ta kwana biyu a jone, ruwan batirin yana ƙafewa. Awa takwas zuwa goma sun isa. Kada a kunna ta tana kan caji, don in batirin ya raunana wutar kan haye kan ƙwayayen ta ƙone su. Kada kuma yaro ya taɓa cikinta a buɗe tana jone: babu abin da ya raba wayoyinta da bolt 220 na gida.

Yallaɓai, ina sana'ar cajin waya, ina kuma haɗa wa mutane tocila da fawa banki da baturan 18650. Wasu sababbi nake saye masu rubutun 9900mAh, wasu daga tsofaffin baturan kwamfuta nake cirowa. Sababbin ba sa daɗewa, tsofaffin kuma wasu bolt 1.5 suke nunawa. In tashe su?
Wani matashi daga Ɗan Gulbi

Ƙanena, Allah ya yi wa sana'a albarka. Fara da masu 9900 ɗin: ƙarya ce aka buga da tawada. Sunan 18650 awo ne, faɗi milimita 18, tsawo 65, kuma abin da manyan kamfanoni ke iya cusawa a wannan gwangwanin bai wuce mAh 3500 da ƴan kai ba. Ɗora shi a ƙaramin sikeli irin na masu zinariya. Na gaske yana kai giram 45 zuwa 48. In ka ga 30 ko ƙasa, rabin cikinsa fanko ne. Araha ba ta ado. Tsohon batir na asali da ka ciro daga kwamfuta sau da yawa ya fi sabon jabu nesa ba kusa ba.

Litiyom, wanda Sony ya fara fitarwa kasuwa a 1991, ba ya sabo da rabin ciki ko kaɗan, kuma zuƙewa ƙaf cutarsa take. Yana cika a 4.2, yana aiki wajen 3.7, a tsaya a 3.0, iyakar iyaka 2.5. In ya faɗa ƙasa da 2.0 ya daɗe a can, siririn jan ƙarfen da ke ciki yana fara narkewa cikin ruwan sinadarin. Ranar da ka tura masa caji sai jan ƙarfen ya sake daskarewa a inda bai kamata ba, ya zama ƴar gada tsakanin ɓangarorin biyu. Irin wannan batir zai iya karɓar caji ya yi kamar lafiya lau, bayan wata guda ya kama da wuta a aljihun wanda ka sayar wa. Don haka masu nuna 1.5 kada ka tashe su, ko da wani ya nuna maka dabarar taɓa su da batir mai rai. Wanda ya nuna 2.5 zuwa sama, sa shi a caji. Tsakanin 2.0 da 2.5, a ba shi wuta ƴar kaɗan, mA 50 zuwa 100, har ya hau 3.0, kana kusa kana taɓawa, in ya yi ɗumi a jefar da zancensa. Bayan sun cika ka ajiye su mako guda ka sake gwadawa. Wanda ya sauko ƙasa da 4.0 yana yoyo a ciki, fitar da shi.

Kowane abin da ka haɗa ya kasance da allon kariya mai yanke wuta a sama da ƙasa. Ƙaramin allon TP4056 iri biyu ne, nemi mai ƙafafu huɗu a bakin fita, shi ne mai kariyar. In za ka haɗa batura kai da kai, gindi da gindi, a fara daidaita su kada bambancinsu ya wuce bolt 0.1. Ledar jikinsu in ta yage a sake sabuwa, domin gwangwanin gaba ɗayansa gindi ne, kuma tazararsa da kai ba ta fi kaurin farce ba. Akwai wani kuskure da ya yaɗu a wajen masu gyara: cire mataccen batirin dalma mai bolt 4 daga fitila a liƙa 18650 a gurbinsa, tunda lambobin sun yi kusa. Cajar fitilar ba ta yankewa a 4.2, za ta yi ta turawa har ya kumbura ko ya fashe. In za a yi wannan canjin sai an cire tsohuwar cajar ɗungurungum an sa allo. Haka kuma batirin 14500, girmansa ɗaya da AA amma 3.7 yake bayarwa, in ya shiga rediyo ko rimot ƙona shi zai yi.

Wayoyin da ake kawo maka ma litiyom ne. Ka gaya wa masu su kada su jira ta mutu, daga kashi 20 a kawo. Kada ka jibge su a kan juna ƙarƙashin rufin kwano da tsakar rana, don ba a so a yi cajin litiyom a sama da digiri 45, kuma a watan Afrilu da Mayu inuwa kanta tana haura 40 a garin nan. Ka shimfiɗa su ɗai-ɗai, a cire musu riga, iska na ratsawa. Ajiye bokitin yashi kusa. Wadda bayanta ya ɗago, mai da wa mai ita, kada ka jona.

Malam, awa nawa ya kamata in bar baturan AA a caja? Suna yin zafi sosai. Kuma in na cika su na ajiye, bayan wata ɗaya sai in tarar babu komai.
Wata malamar makaranta daga Gidan Runji

Malama, sannu da ƙoƙari. Duba bayan cajar, za ki ga adadin mA da take bayarwa. In mai sanyi ce, ninka cikin batirin da 1.4 ki raba da wannan adadin: mAh 2000 a caja mai mA 200 awa 14 ke nan. In tana ba da 500, wajen awa biyar da rabi ke nan. Lissafin na batirin da ya ƙare ne, mai rabin caji rabin lokacin yake so. Batirin nikel in ya cika, duk wutar da aka ƙara masa zafi take komawa. Ɗumi kaɗan a ƙarshe ba laifi, amma in kin kasa riƙe shi a tafin hannu an wuce gona da iri, kuma kowane irin wannan zafin yana rage masa kwana. In da hali ki nemi caja mai fitila ɗaya ga kowane gurbi, mai yanke wa kowane batir wuta shi kaɗai. Masu caji biyu-biyu suna ƙona mai rabin ciki kafin su cika ɗan'uwansa. A lokacin bazara a yi caji da dare ko da sassafe, a ƙasan siminti, ba a kan katifa ba.

Zubar caji kuwa halin Ni-MH na gama-gari ne. A ɗaki mai sanyi ma yana iya zubar da kashi 20 zuwa 30 a wata, kuma duk ƙarin digiri 10 yana kusan ninka wannan. Akwai irin da aka gyara wa wannan matsalar, kamar Eneloop da Sanyo ya fitar a 2005, yanzu yana hannun Panasonic, wanda ke riƙe mafi yawan cajinsa har shekara. Irinsu cikinsu wajen 1900 zuwa 2000 ne, kuma sun fi dacewa da abin da ba a kunnawa kullum. AA mai rubutun 3800 ko 4800 kuwa ki bar wa mai shago kayansa, na gaske ba ya wuce wajen 2700. Wurin ajiya, a sa su a robar da ke rufuwa ruf, a ajiye a ƙasa kusa da randa, inda ya fi ko'ina sanyi a gida, ba tare da jiƙa ta taɓa su ba. Kada a zuba su a gwangwani ɗaya da makullai ko tsabar kuɗi.

Ana iya cajin batir na yau da kullum irin Tiger Head? Mu a ƙauye shanya shi muke a rana, kuma yana tashi.
Wani manomi daga yankin Madarunfa

Ɗan'uwa, rana ba ta zuba masa komai. Zafi ne ke motsa ɗan abin da ya rage a ciki, sai ya ba da wuta ta ɗan lokaci ya sake kwanciya. A caja kuwa kada a sa shi, shi da duk mai rubutun 1.5V da ba a ce na caji ba ne: iska ce za ta taru a ciki ya fashe ko ya tsiyaye. In batir mai rubutun Alkaline ko Ni-MH ya yi farin gari a cikin tocila, a goge ƙarafan da auduga da ruwan lemun tsami, a bi da ƙyalle mai ɗan damshi, a bari ya bushe sarai. In asid ɗin batirin dalma ne ya zuba, ruwan kanwa ke kashe shi. A duka biyun a kiyaye ido, a wanke hannu.

Matattun fa, ina za mu kai su? Yara suna fasa su suna wasa.
Wata inna daga Tibiri

Inna, a raba su da yaran tun yau. Dalma da kadmiyom guba ne, dalma tana taɓa ƙwaƙwalwar yaro ko da kaɗan ce ta shiga jikinsa, kuma ba ta nuna alama da wuri. Kada a jefa su a murhu ko a juji da ake cinna wa wuta, kada a yar kusa da rijiya ko inda awaki ke kiwo. Na dalma a kai wa masu sayar da batirin mota ko masu sayen tsofaffin ƙarafa a rufensa, ba a fasa ba, ba a zubar da ruwan ba, suna saye. Na litiyom a like kai da gindi da salatif kafin ya bar hannunki, don wanda ake ganin ya mutu yana iya tayar da wuta in ƙarfe ya haɗa bakinsa. Ƙananan kuma a tara su a jarkar roba mai murfi, a ɗora a inda hannun yaro ba ya kaiwa kuma rana ba ta bugu, in ta cika a haɗa da na dalmar a kai gaba ɗaya.